Amanar Yaro Ba Ta Sauka A Ƙofar Makaranta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai kyautar 'ya'ya, wanda zai tambayi kowane uba da kowace uwa abin da suka yi da wannan kyauta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya tashi maraya a hannun masu reno, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya fita da sassafe a Kano ko Kaduna, ko Maraɗi ko Damagaram, zai ga ƙananan yara 'yan shekara biyu da uku, barci bai gama sakin idanunsu ba, an rataya musu jaka da gorar ruwa, ana kai su makarantar nazare ko gidan reno. A da, lokacin da ake zaman gandu, yaro yana tashi tsakanin kaka da goggo da inna da matan baffanninsa, in uwa ta sa ƙafa waje akwai hannu goma da za su karɓe shi. Yanzu kuwa miji da mata suna zaune su kaɗai a gidan haya, nesa da dangi, uwar kuma wataƙila malamar makaranta ce, ko ma'aikaciyar asibiti, ko ɗaliba. Saboda haka tilas a nemi inda za a ajiye yaro.

Abin tambaya a nan shi ne: idan uba ya biya kuɗin zango, ya miƙa ɗansa a bakin ƙofa, ya juya, shin nauyin ya sauka daga wuyansa ke nan? Amsar Shari'a ita ce a'a. Aikin reno ana iya wakilta wani ya yi shi, amma amanar tana nan a kan wanda Allah Ya ɗora wa ita. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kamanta kowane mutum da makiyayi wanda za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ya kuma ambaci namiji game da iyalinsa, da mace game da gidan mijinta da 'ya'yansa. Makiyayin da ya damƙa garke ga wanda bai sani ba, ya tafi abinsa, in kura ta yi ɓarna ba shi da bakin cewa ba ya nan.

BA DA RENO HALAL NE

Da fari dai, ya kamata a kawar da wani zato, domin akwai masu ganin duk matar da ta kai ɗanta wurin reno ta yi zunubi. Wannan kuskure ne. A aya ta 233 ta Suratul Baƙara Allah Ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika ta, Ya ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba, Ya hana a cutar da uwa ko uba saboda ɗansu, sa'an nan Ya ɗauke laifi daga iyayen da suka nemi wata mace ta shayar musu, muddin sun biya abin da aka yi alkawari da kyautatawa. Aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ma ta yi umurni da biyan ladan shayarwa da yin shawara tsakanin iyaye.

Shi kansa Fiyayyen Halitta an kai shi ƙauyen Banu Sa'ad, Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi, ta rene shi. Da mahaifiyarsa Aminatu ta rasu a Abwa'u yana da shekara shida, Ummu Aimana ce ta riƙo hannunsa ta dawo da shi Makka. Nana Maryamu kuwa a hannun Annabi Zakariyya ta tashi, kuma Suratu Ali Imrana ta ba da labarin cewa duk lokacin da ya shiga wurinta ya tarar da abinci, yakan tambaye ta daga ina ya zo mata. Mai riƙo na gari ke nan: yana shiga, yana dubawa, yana tambaya.

TAFIYA ZUWA GIDAN MAƘERI

A cikin tarihin Manzon Allah akwai wani labari da ya isa ya zama madubi ga kowane uba. Lokacin da aka haifa masa ɗansa Ibrahimu daga Mariya, sai aka ba da shi shayarwa ga wata mata da ake kira Ummu Saifi, matar wani maƙeri, Abu Saifi, a unguwannin Awali da ke gefen Madina. Muslim ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Annabi yakan tashi ya tafi can da kansa, sahabbai na biye da shi, ya shiga gidan alhali hayaƙin maƙera ya turnuƙe shi, ya ɗauki yaron ya sumbace shi, sa'an nan ya komo. Anas ya shaida cewa bai taɓa ganin wanda ya fi shi tausayin iyali ba.

A dubi wanda ya yi wannan tafiya. Shugaban al'umma ne, mai karɓar wahayi, mai limanci, mai yanke hukunci, mai tarbar baƙin ƙabilun Larabawa da ke zuwa Madina ayari ayari. Da ya so, da ya aika wani ya dubo masa. Amma ya tafi da ƙafarsa, ya san gidan, ya san mai gidan da sana'arsa, ya shaƙi iskar da ɗansa ke shaƙa. To, ƙaƙa uban da aikinsa bai wuce ofis ko rumfar kasuwa ba zai ce ba shi da sukunin shiga ajin ɗansa sau ɗaya a wata? Akwai iyaye da yawa da suka san launin ƙofar makaranta da lambar asusun da ake zuba kuɗi, amma ba su san sunan matar da take wanke wa ɗansu kashi ba.

SHARUƊƊAN DA MALAMAI SUKA GINDAYA

Malaman fiƙihu ba su bar wannan babi haka kawai ba. Sun kira shi hadana, watau riƙon yaro da kula da shi. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai littafin Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana cewa in aure ya mutu uwa ce ta fi cancanta da riƙo, bayanta sai kaka, sai 'yar'uwar uwa. Shehu Halilu kuwa a cikin Muhtasar ya jera sharuɗɗan mai riƙo: hankali, da iya ɗaukar nauyin aikin, don haka tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare ba ta cika sharaɗi ba, da amintaccen wurin zama, wanda ya ambata musamman game da 'ya mace da ake jin tsoro a kanta, da amana, da kuɓuta daga cuta mai cutarwa irin kuturta, da shiriya wajen tasarrufi. Bai sa Musulunci cikin sharuɗɗan ba, sai dai ya ce in an ji tsoro ga addinin yaron, a haɗa mai riƙon da Musulmi masu sa ido.

Waɗannan sharuɗɗa an gindaya su ne a kan dangi na jini. Idan har kakar yaro, wadda ta haifi uwarsa, tana iya rasa haƙƙin riƙo don rashin ƙarfi ko rashin amintaccen wuri, ina ga baƙon da aka san shi jiya, wanda kuɗi ne ya haɗa shi da yaron? Alƙur'ani ya taƙaita ma'aunin ɗaukar ma'aikaci a aya ta 26 ta Suratul Ƙasas, a kan harshen 'yar dattijon Madyana, cikin sifa biyu: ƙarfi da amana. Ƙarfi a nan shi ne sanin aikin da iya shi, amana kuwa ita ce yin sa daidai lokacin da babu mai gani. Imamu Gazali ma ya yi gargaɗi a cikin Ihya'u cewa zuciyar yaro tana karɓar duk abin da aka zana mata, don haka kada a ba da renonsa sai ga mace saliha mai cin halal.

ABIN DA IDO ZAI DUBA

Sharaɗin amintaccen wuri ba magana ce ta cikin littafi kawai ba. A watan Afrilu na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a Yamai, yara kusan 20 suka rasu, galibinsu 'yan ajin reno. A watan Nuwamba na wannan shekara irin wannan gobara ta cinye yara fiye da 20 a Maraɗi. A watan Maris na 2019 wani bene ya rufta a unguwar Ita Faji ta Legas, da makarantar ƙananan yara a samansa, aka yi asarar rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙansu, Ya sa masu ceton iyayensu ne. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan gaskiya ne, amma sakaci laifi ne da za a tambayi mai shi.

Saboda haka kafin uba ya biya ko kwabo, ya kamata shi da uwar yaron su je su gani, gani kuwa ya kori ji. Su je ba tare da sun sanar ba, da tsakar rana, lokacin da yara suka gaji, malamai ma suka gaji, domin a wannan sa'a ne halin wuri ke fitowa. Su duba ko bango ya tsage, ko ajin ƙanana yana saman bene, ko akwai wata mafita bayan ƙofa ɗaya in wuta ta tashi. Su duba rijiya da tankin ruwa da ramin masai, a rufe suke ko a buɗe, domin ruwan da bai cika bokiti ba yana iya kashe yaro mai rarrafe. Su duba wayoyin lantarki, da inda ake ajiye janareto da man fetur, da inda ake dafa abinci. Su shiga bayan gida, su ga ko akwai ruwa da sabulu. Su tambayi ruwan da ake ba yara daga ina yake. Manzon Allah, a hadisin Jabir, ya yi umurni da a tsare yara idan dare ya kawo kai, a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salka, a kashe fitila lokacin barci. Wanda ya kula da murfin ƙwarya a gidansa, ba zai yi shiru a kan buɗaɗɗiyar rijiya a makarantar ɗansa ba.

Sai kuma yawan yara. Manufar ilimi ta Nijeriya, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta amince da matakin share fagen firamare, kuma bugunta na 2013 ya ƙayyade mai kula ɗaya ga jarirai 10 a ɗakin reno, da malami ɗaya ga yara 25 a ajin nazare. Duk uwar da ta taɓa wuni da tagwaye ta san ko wannan adadi ma jan aiki ne. To, inda aka tara yara hamsin a hannun mace ɗaya, abin da zai biyo baya sananne ne: ko tsawa da bulala, ko kuwa a ɗura musu maganin barci don a huta. Yaron da ke dawowa gida kullum a galabaice, yana layi kamar wanda ya sha wani abu, ya kamata iyayensa su bincika.

Ya kamata kuma a nemi ganin takardar rajista daga ma'aikatar ilimi, a tambayi ko ana duba katin rigakafin kowane yaro kafin a karɓe shi, da abin da ake yi in yaro ya zo da zazzaɓi ko ƙuraje. Ƙyanda da tarin shiƙa da mashaƙo suna yaɗuwa a cunkoson yara kamar wutar daji, kuma jihar Kano ta ga ɓarnar mashaƙo a 2023. Annabi ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da masu lafiya. Uwar da ta san ɗanta yana da cuta mai yaɗuwa, ta kai shi cikin 'ya'yan mutane don kada ta makara aiki, ta ci amanar maƙwabtanta.

SANIN MUTANE YA FI SANIN GINI

Fenti da lilo da sunan Turanci ko na Larabci a kan allo ba su ne makaranta ba. Mutanen da ke ciki su ne makaranta. Jama'ar Kano ba za su manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar ba, wadda aka sace a watan Disamba na 2021, aka gano gawarta a Janairu na 2022, ya kasance wanda ya aikata shi ne mai makarantar da take karatu, har babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. Ba baƙo ne ya ɗauke ta ba, fuska ce da ta sani ta kuma yarda da ita. Wannan ba ya nufin a riƙa zargin kowane malami, domin mafi yawansu bayin Allah ne masu neman halal da ƙaramin albashi. Abin da yake nufi shi ne a yi tsari wanda zai kare yaro, ya kuma kare mutuncin malamin kirki.

Daga cikin wannan tsari, iyaye su tambayi maƙwabtan makaranta da limamin unguwa da waɗanda suka cire 'ya'yansu daga wurin, su ji dalili. Su san maigadi da direba da mai shara kamar yadda suka san shugaba. A rubuta sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaro in an tashi, kada a miƙa shi ga kowa don kawai ya ce shi kawunsa ne. Kada a bar yaro shi kaɗai da babba ɗaya a ɗaki rufe, kuma mace ce ya dace ta yi wa ƙananan yara tsarki. Mai babur mai ƙafa uku da ke kwasar yara goma sha biyu a mazaunin mutum huɗu, araharsa ba ta ado. Makarantar da ta hana iyaye leƙa aji kuwa, ta riga ta ba da amsa.

Game da duka, hadisin Abu Dawuda ya sa umurni da salla a shekara bakwai, bai ambaci horo ba sai a shekara goma, alhali salla ce ginshiƙin addini. Da wace hujja za a zane ɗan shekara uku don ya kasa rubuta baƙi, ko don fitsari ya kufce masa? Muhammadu ɗan Sahnunu, malamin Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai, inda ya hana dukan fuska da kai, ya hana malami aiken yara biyan buƙatunsa, ya wajabta daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Annabi kuwa ya ɗauki jikarsa Umamatu yana salla, yakan kuma gajarta salla in ya ji kukan yaro don tausaya wa uwarsa. Yaro a waɗannan shekaru abin da ya fi buƙata shi ne wasa da tausayi da kyakkyawan misali, ya koyi sallama da cin abinci da dama da ambaton Allah, kafin a tsananta masa da alli da allo.

Idan yaro ya dawo gida, a saurare shi. Wanda ya saba tafiya da murna, ya koma kuka da maƙalewa a jikin uwa duk safiya, ko ya fara firgita cikin barci, ko aka ga tabo a jikinsa wanda ba a san mafarinsa ba, to yana ba da labari ne da harshen da yake da shi.

MAI RENO A CIKIN GIDA

Waɗansu iyaye sun fi son a reni yaro a gida, kuma ga jariri mai shan nono wannan ya fi, musamman da yake likitoci suna horo da nonon uwa zalla har wata shida. In akwai kaka ko goggo mai sauran ƙarfi, madalla, amma a tambaye ta yardarta, a kuma kyautata mata, kada a mai da uwa baiwa da sunan zumunci. Abin da ya zama ruwan dare kuwa shi ne a ɗauko yarinya 'yar shekara tara ko goma daga ƙauye, a ɗora mata goyo da wanki da shara, a bar ta da jariri da risho ko tukunyar gas tun safe har la'asar. A nan an zalunci yara biyu: an bar ɗaya a hannun wadda ba ta cika sharaɗin iyawa ba, an kuma hana ɗaya karatu da ƙuruciyarta. Ita ma 'yar wani ce, kuma tun da ta kwana a gidan mutum ta shiga cikin garken da za a tambaye shi.

Akwai kuma hukuncin da ake mantawa. A mazhabar Imamu Malik, nonon da ya isa cikin yaro a tsakanin shekara biyun farko yana haramta aure ko da tsotso ɗaya ne. Idan maƙwabciya ko mai reno ta ba yaro nono don ya yi shiru, ta zama uwarsa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa. Wajibi ne kada a yi haka sai da sanin iyaye, in an yi kuma a sanar da dangi a rubuta, don kada bayan shekara ashirin a ɗaura auren wa da ƙanwa. Ban da wannan, akwai cututtukan da ke bin nono su kama jariri.

HAƘƘIN MAI RENO DA NAUYIN MAI MAKARANTA

Wanda yake son a riƙe masa amana, shi ma ya riƙe tasa. Ayar Baƙara ta haɗa halaccin ba da shayarwa da biyan lada. Uban da ke jan kuɗin makaranta wata da watanni alhali yana da hali, ko yake barin ɗansa har magariba ba tare da uzuri ba, ko yake wulakanta mai reno a gaban yaro, yana rushe katangar da ke kare ɗansa da hannunsa. Kuma wannan nauyi na uba ne kafin kowa. Bai dace ya bar wa uwa ita kaɗai neman wuri da biyan kuɗi da kai da ɗaukowa ba, sa'an nan in wani abu ya faru ya zama shi ne na farkon ɗora laifi.

Masu buɗe makarantu su kuma su sani ba shagon sayar da kaya suka buɗe ba. Kowane yaro da aka rubuta sunansa a rajista ajiya ce ta Allah a hannunsu. Wanda ya karɓi yara fiye da ƙarfinsa don kwaɗayin kuɗi, ko ya ɗauki ma'aikaci bai bincika halinsa ba, ko ya ɓoye wa iyaye abin da ya sami ɗansu don kare sunan makaranta, ya ci amana, cin amana kuwa Annabi ya lasafta shi cikin alamomin munafuki. Wanda ya tsare ta kuma, ladansa yana wurin Allah, kuma ya isa abin alfahari a ce ya gaji aikin Halimatu da Ummu Aimana.

Daga ƙarshe, bayan an yi duk abin da za a iya, sai a miƙa al'amari ga Mai tsarewa na gaskiya. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi ya umurci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Ya kuma kasance yana nema wa Hasan da Husaini tsarin Allah daga sheɗanu da miyagun ƙwari da kambun baka. Uban da ya taka ya duba, ya tambaya, ya biya haƙƙi, ya tofa wa ɗansa addu'a da safe kafin ya fita, shi ne mai tawakkali. Wanda bai yi ko ɗaya ba ya ce Allah na nan, sakaci ya yi ya sa masa sunan addini.

Allah Ya tsare 'ya'yan Musulmi da na sauran jama'a daga sharrin dare da na rana, Ya haɗa su da masu reno na gari, Ya ba iyaye ikon sauke amanar da Ya ɗora musu, Ya sa zuriya ta zama sanyin ido a duniya da lahira. Amin.